Zamanin da Sarkin Kance Ke Zaman Majalisa a Yamai

Waɗanda suka yi wayo a ƙasar Kance kafin 1974 za su shaide ni cewa a wancan zamani ba a tambayar wane ne wakilinmu a majalisa. Yaron da ke kiwon awaki a bayan Ishirnawa ya san shi, tsohuwar da ke tuyar ƙuli-ƙuli a kasuwar Matamaye ta san shi, domin mutumin da ake yi wa algaita ran salla, dogarai na gaba jama'a na biye, masu gari na zubewa suna kwasar gaisuwa, shi ne dai mutumin da idan lokacin zama ya yi yake shiga mota ya kama hanyar Yamai, tafiyar sama da kilomita 800 cikin ƙura da gargada, ya je ya zauna inda ake mahawara da Faransanci a kan kuɗin ƙasa da dokokinta. Sarkin Kance Amadu Isaka ke nan. An haife shi a Kance a 1924, ya hau gadon sarauta a tsakiyar shekarun 1950 da sauran ƙuruciyarsa, ya zama ɗan majalisa, sannan ya riƙe muƙamin minista a gwamnatin Diori Hamani. Rawani ɗaya, kujeru uku.

Yau ka tsayar da saurayi a tashar Matamaye ka tambaye shi wanda ya wakilce shi a majalisar ƙarshe, sai ya ce bari ya duba waya.

Ku yara, in kuna so ku gane yadda sarki ya zama depite, sai mun koma kan yadda zaɓe ya shigo mana. Tun da Faransawa suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka kai Yamai a 1926, mu mutanen gabas muka zama na nesa, kuma hukumar da talaka ya sani ba ta wuce biyu ba: kumandan da sarki. Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1946, aka kafa jam'iyyar PPN, wadda ta shiga RDA, aka kuma buɗe wata 'yar majalisa ta ƙasa, amma masu jefa ƙuri'a tsiraru ne, ma'aikata da tsofaffin soja da masu sarauta da ire-irensu. Sai a 1956 dokar da ke ɗauke da sunan Gaston Defferre ta ba kowane baligi, mace da namiji, damar zaɓe. Ran 31 ga Maris 1957 aka yi zaɓen majalisa na farko a kan wannan doka, kujeru 60.

Ku ƙiyasta abin a ƙauyen da babu wanda ya taɓa shiga lakwal. Takardar zaɓe launi ce da hoton dabba, giwa ta RDA, raƙumi na jam'iyyar Sawaba, kuma kafin ranar mai gari ya riga ya tara magidanta a gindin bishiya ya gaya musu inda fada ta karkata. Magidanci kuma ya koma gida ya gaya wa matansa. Saboda haka duk mai son kujera, komai iya Faransancinsa, sai ya cire takalmi a ƙofar sarki. Ba a daɗe ba sarakunan da suka iya karatu suka ga ba su da dalilin ɗaukar wani a kafaɗa su kai shi inda su ma ƙafarsu za ta iya zuwa.

Akwai kuma wani dalili da ba a cika faɗa ba. Maƙwabtanmu na Daura, da ba su fi tafiyar yini a doki daga nan ba, Turawan Ingila sun yi wa sarakunansu majalisa ta daban a Kaduna, inda sarki ke zama da darajar rawaninsa, ba ruwansa da akwatin zaɓe. Mu Faransa zaure ɗaya ta gina mana. Sarkin da ke son a ji muryarsa a inda ake yanke magana, dole sunansa ya shiga jerin 'yan takara tare da malaman makaranta da akawuna da likitoci. Ba Kance kaɗai ba ce. Mouddour Zakara, sarkin Imanan, ya daɗe yana minista, haka ma Issoufou Saidou Djermakoye, ɗan gidan sarautar Doso.

Zaɓen 1957 Sawaba ta Djibo Bakary ce ta ci, kujeru 41, RDA ta tashi da 19. Abin mamaki shi ne Djibo mutumin lebura ne da direbobi da 'yan ƙwadago, amma sarakuna da dama suka mara masa baya a wannan karo. Auren bai yi ƙarko ba. Da Janar de Gaulle ya kawo ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, a zauna da Faransa ko a rabu nan take, Djibo ya ce a'a kamar yadda Sekou Touré ya ce a Gini, Faransa kuwa ta turo sabon gwamna, Colombani, ya bi fada-fada. Sarakuna suka juya. I ta ci da kusan kashi 78 cikin ɗari, ko da yake mafi yawan waɗanda ke cikin rajista ba su fito ba sam. Aka sake zaɓen majalisa ran 14 ga Disamba, kujerun da Sawaba ta ci a Damagaram da Tasawa aka soke su, a watan Oktoban 1959 aka haramta jam'iyyar gaba ɗaya. Lokacin da aka ɗaga tutar 'yanci ran 3 ga Agusta 1960, jam'iyya ɗaya ta rage a fili, kuma a cikinta Sarkin Kance ya yi zamaninsa na siyasa.

Ni ba na cikin masu saurin tsine wa sarakunan wancan lokaci. Sa hannun gwamna ne ke tabbatar da sarki, sa hannun gwamna ne ke tuɓe shi, kuma duk mai rawani a ƙasar Damagaram ya san abin da aka yi wa Sarki Amadu Ɗan Basa a 1906, da aka tuɓe shi aka kai shi gudun dole, gadon sarautar ya zauna babu sarki har 1923. Wanda aka yi wa babban gida haka, ƙaramin gida ba ya bukatar a yi masa wa'azi. Sai dai fahimtar dalilin mutum daban, cewa ya yi daidai daban.

To me ake kai wa ɗan majalisa a wancan zamani? Gyaɗa. Siyasar ƙasar Kance gaba ɗayanta a cikin buhun gyaɗa take. Ku da kuka taso kuka tarar da wake da gero da rake a fadama, ba ku ga lokacin da kaka ke yi a buɗe ciniki ba, a kafa sikeli, jakuna da raƙuma su yi layi tun asuba, buhuna su taru har su fi soro tsawo, manyan motoci su kwasa su nufi Kano inda jirgin ƙasa ke jira, injin matse mai na Matamaye yana ruri, ƙanshin tunkuza ya cika gari, kuɗi su shigo hannun manomi sau ɗaya a shekara ya biya lanho, ya yi wa iyali tufafi, ya aurar da ɗiya, in da saura ya sayi tunkiya. A shekarun 1960 gyaɗa ce ke kawo wa Nijar mafi yawan kuɗin da take samu daga waje, kuma yankin Matamaye da Magarya na cikin inda ta fi albarka. A 1962 gwamnati ta kafa SONARA don ta riƙe cinikin, ta kafa UNCC don ƙungiyoyin manoma, kuma a yankinmu aka fara gwada aikin wayar da kan ƙauyawa da ake ce wa animasiyo, inda ake koya wa manoma su riƙe sikeli da littafin awo da kansu. Farashi kuwa a Yamai ake yanke shi. In ya fi na Najeriya, gyaɗar Daura ta kwana a rumbunanmu. In na can ya fi, tamu ta bi dare ta wajen Ɗan Barto, kowa ya sani, kowa ya kau da kai.

Yanzu injin ya yi shiru, matanmu man gwangwani suke saye a shago.

Saboda haka kukan da ake kai wa fada kuka ne mai kama hannu: mai awo ya danne sikeli, irin da aka ba mu bashi bai tsira ba, rijiyar gari ta rufta, an ƙidaya mamaci a cikin masu biyan lanho, an ɗauki yaro lakwal alhali shi kaɗai ne mai taya ubansa noma. Talaka ya gaya wa mai gari, mai gari ya ɗaura sirdi ya zo Kance, ya faɗi ya ce ranka ya daɗe, ya zayyana. Wani kukan a nan zaure yake ƙarewa. Wani ya wuce wurin kumandan a Matamaye. Wanda ya fi ƙarfin nan kuma, ga mai kai shi Yamai a zaune, ba sai an rubuta takarda an nemi wanda ya san wani ba. Wannan ne abin da tsofaffi ke kewa idan suna yabon da, kuma suna da gaskiyarsu: wakilin ba shi da inda zai ɓuya. Gidansa fada ce, kakanninsa a nan suke kwance, salla ba ta yiwuwa sai da shi, kuma komai daɗin Yamai dole ya dawo ya zauna a gaban mutanen da ya yi wa alkawari.

Wani Bafaranshe mai nazarin zaman jama'a, Guy Nicolas, ya zauna a ƙasar Kance a shekarun 1960 ya yi rubutu a kan yadda dukiya ke zagayawa tsakaninmu ta hanyar kyauta da biki da gudummawa. Abin da ya sha wahalar bincikowa, kowace uwar gida ta san shi: wanda ya samu ya riƙe shi kaɗai, girmansa ya zube. Wannan doka ta fi kama sarki a kan kowa. Abin da babba ya samo a birni, al'ada ta tilasta masa ya dawo ya sake shi, riga ga malami, goro ga baƙo, damin gero ga wanda gobara ta ci, abinci ga duk wanda dare ya yi wa a ƙofar fada. Ba a kiran wannan aikin mazaɓa, amma shi ne.

Sai dai kada mu tsofaffi mu yi wa yara rabin labari. Mutumin nan da ba shi da inda zai ɓuya, mu ma ba mu da yadda za mu sauke shi. A zaɓen 1965 da na 1970 jeri ɗaya ake kawowa, sunaye 50, manyan jam'iyya ne suka tsara shi a Yamai, su Diori da Boubou Hama shugaban majalisa da Diamballa Maïga ministan cikin gida, kai kuwa aikinka ka sa takarda a ambulan ka jefa, gobe rediyo ya ce kusan kowa ya amince. Babu mace ko ɗaya a cikin majalisar, tun daga farko har ƙarshenta. Kuma ku duba wannan ƙulli: a Yamai ake yanke yawan lanho, da hannun wakilinka a ciki. A gida fada ce ke tara shi, tana da kasonta. In ya yi maka nauyi, fadar dai za ka kai kuka. Mai yankawa, mai karɓa da mai jin ƙara duk riga ɗaya suka sa. In ka yi sa'ar mai tausayi, ka gode Allah. In ba ka yi ba, ga hanyar Kano nan, kuma mutane da yawa sun bi ta.

Cikin waɗanda suka bi ta har da 'yan Sawaba, waɗanda suka sami mafaka a wurin mutanen NEPU ta Malam Aminu Kano. A ƙarshen 1964 wasunsu suka dawo da bindiga ta kan iyakoki, aka murƙushe su, a watan Afrilun 1965 kuma aka jefa wa Diori gurneti a filin idi a Yamai bai same shi ba. Abin da ya biyo baya, kame da duka da tsare mutane shekaru babu shari'a, akwai gidajen da har yau ba a son tayar da zancensa. A lokacin yaro ya san akwai sunan dabbar da ba a ambata da ƙarfi a kasuwa. Zaman lafiyar da muke tunawa, wani ɓangarensa tsoro ne.

Fari ne ya kawo ƙarshen zamanin. Tun 1968 ruwa ya fara ja da baya, 1973 ta zo ta ƙarasa, dabbobi suka faɗi, mutanen arewa suka gangaro mana da ƙoƙo a hannu, ana ta raɗe-raɗin cewa hatsin taimako yana ajiye a sito ana cinikinsa. Majalisar da ba ta saba cewa a'a ba, ba ta iya buɗe baki ba a lokacin da ake bukatar bakinta. Daren 15 ga Afrilu 1974 Laftanar Kanar Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin, aka rufe majalisa, aka rushe jam'iyya, manyan jiya suka wayi gari a hannun soja. Shekara guda bayan haka ƙwari da cuta suka cinye gyaɗa, ba ta sake komawa yadda take ba. Kuɗin ƙasa ya koma fitowa daga ramin yuraniyom na Arlit, kuma tun daga ranar da Yamai ta daina dogara da buhunmu, muryar manomin Kance ta rage nauyi a can, ko wa ya aika.

Shekara 15 babu majalisa. Wanda aka haifa a shekarar juyin mulki ya isa riƙe garma bai taɓa jin an ce depite ba, ƙungiyar samariya ya sani. A 1989 aka dawo da ita a ƙarƙashin MNSD, jam'iyya ɗaya, jeri ɗaya, sai dai a karon farko mata biyar suka shiga. Sannan taron ƙasa na 1991, wanda André Salifou, haifaffen Damagaram, ya shugabanta, ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa. Wanda bai ga 1993 ba bai ga murna ba. Mahamane Ousmane na CDS-Rahama, ɗan gabas, ya ci shugabancin ƙasa, kuma a karo na farko tsoho ya shiga bayan labule shi kaɗai da takardu kala-kala, babu mai gari a kansa, ya zaɓi wanda ransa ke so. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk mai cewa da ta fi yanzu a komai, ya tuna da wannan labule. Doka kuma ta raba rawani da jam'iyya: sarki uban kowa ne, ba ya riƙe katin kowa. A takarda ke nan. 'Yan takara ba su daina cire takalmi a ƙofar fada ba, sai dai suka koma zuwa da dare.

Sabon wakilin da zamanin jam'iyyu ya haifar, kafin a rufe majalisa a 2023, wani iri ne. Sau da yawa ɗan kasuwa ne ko babban ma'aikaci, kuma ba ƙasar Kance ce mazaɓarsa ba, jihar Damagaram ce baki ɗaya, daga Magarya har Tanut, kujeru sama da talatin a jeri guda. Kai jam'iyya kake zaɓa, jam'iyya ce ke tsara wanda ke sama da wanda ke ƙasa a jerin, saboda haka wanda ya fi bukatar ya faranta wa rai yana Yamai, ba ya Yawuri ko Kurni. Kujerun majalisa sun tashi daga 83 a 1993 zuwa 113, suka kai 171, dokar kason mata ta 2000 ta ƙara yawan iyayenmu mata a zauren, an sami rediyoyi masu zaman kansu da ake zagin gwamnati a ciki a kwana lafiya. Duk wannan ci gaba ne. Amma kyautar da a da take gudana shekara duka ta ƙofa ɗaya da kowa ya sani, a zamanin jam'iyyu sai ta taru a mako uku na kamfe: atamfa mai hoto, buhun shinkafa, sukari da shayi ga samari, jika biyu a ambulan. Gawon gonakinmu da rani yake fitar da ganye, lokacin da kowa ke neman inuwa. Shi sabon wakilin nan ganyensa sai kakar zaɓe. Na san akwai na kirki a cikinsu, waɗanda suka gina aji suka haƙa rijiya da kuɗin aljihunsu, amma halinsu ne ya sa su, ba tsarin ba.

Kukan kuma ya canza. Ƙidayar 2012 ta sami mutum kusan 400,000 a gundumar Kance, ɗaya daga cikin wuraren da jama'a suka fi cunkushewa a karkarar Nijar, gonar da kaka ya noma shi kaɗai jikoki goma sun raba ta. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Yawancinsu mata ne da yara, kuma da yawansu daga ƙauyukanmu suka tashi, za su Tamanrasset neman abin da gona ta kasa ba su. An yi makokin kwana uku a ƙasa. A 2015 majalisa ta yi doka a kan masu safarar mutane, dokar da ta kama direbobin Agadas ta kuma faranta wa Turai rai. Abin da ke sa uwa ta goya ɗa, ta riƙe biyu a hannu, ta hau bayan mota ta shiga Sahara, dokar ba ta taɓa shi ba. A ƙarshen 2023 aka soke ta.

Sau biyar soja na rufe zauren majalisa: 1974, 1996, 1999, 2010, sai na 26 ga Yuli 2023. A watan Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi, aka naɗa masu riƙo. A watan Maris 2025 aka rushe jam'iyyun siyasa gaba ɗaya. A watan Yuni na shekarar aka buɗe majalisar ba da shawara, wadda 'ya'yanta ba su bi ta akwatin zaɓe ba, kuma wanda aka ɗora a kan kujerar shugabancinta, Dokta Mamoudou Harouna Djingarey, sarkin Sinder ne a jihar Tilaberi.